Lambar da Kaka Ya Ɗaura wa Birgi

Lahadi, 1 ga Satumba

Yau shekara goma sha ɗaya da wata biyu rabona da Yauri. Ko rasuwar Inna ban je ba.

Nuraddeen ɗan Gwaggo Turai ya same ni a wurin wankin motar da nake aiki nan Badarawa, Kaduna. Wai an kawo Gwaggo ganin likita, ciwon ƙoda, tana gidansa a Malali, kuma tun saukarta ni take tambaya. Na ce to. Ya ɗan tsaya, ya duba agogo, ya tafi. Ma'aikacin gwamnati ke nan. Amma tsakani da Allah bai taɓa gudu na ba, ni ke kauce masa.

Laraba, 4 ga Satumba

Ban je ba.

Asabar, 7 ga Satumba

Na je. Ta ƙanƙance, sai ido da baki. Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka Husaini. Ko gaisuwa ban gama ba ta ce, "Rabe, ka tsufa, kuma tsufan bai yi maka kyau ba."

Ta sa Jamila matar Nuraddeen ta kwanto wani ƙullin tsumma daga akwatinta. Lambar Kaka ce. Tun muna yara muke jin labarinta: Kaka ba soja ba ne, ma'aikacin jirgin ruwa ne, shi ke tsayawa gaba da gora yana auna zurfi. Lokacin da Turawan Ingila suka hau Binuwai yaƙin Jamus a Garwa, jirginsu ya kafe a yashi, harsashi na zuba, ya faɗa ruwa da igiya a baki ya yi ta fito da mutane. Aka ba shi lambar jarumta. Ban taɓa ganinta ba sai yau. Baƙa ƙirin, gefenta duk ya cinye.

Abu biyu take so. In karɓi lambar, don ni ne na ƙarshe da ya tuƙa jirgi a gidanmu. Sannan in mai da ita gida, in ƙetare da ita zuwa Tungar Husaini da hannuna. "Ba ni son a rufe ni garin da ban san kowa ba."

Na ce Gwaggo ki bari mu gani. Lambar na bar ta kan tabarma.

Talata, 10 ga Satumba

Jikan mai lamba. Haka suka riƙa faɗa a bakin ruwa ranar, ina ji.

Ban taɓa rubuta shi ba, bari in rubuta. Ran kasuwa ce, ga 'yan kai amarya. Jirgi ya cika har ruwa ya taɓa zanen da na yi na iyakar lodi. Na ɗaga hannu na ce ya isa. Sai ga Malam Ubaidullah, surukina, da mutum tara a bayansa. Ya ce, "Mu za ka bari a tudu, Rabe?" Ta yaya zan dubi uban matata gaban jama'a in ce a'a? Na sunkuyar da kai, suka shiga. A tsakiya muka daki kututturen da na san da shi, da jirgin ba nauyi da mun wuce ta kansa.

Jirgi ya kife. Mutum ashirin da uku ruwa ya ci. Har da Sa'adatu matata.

Ba wanda ya kore ni daga gari. Da ma sun kora.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ruwan sama tun safe, ba mota. Nuraddeen ya kira sau biyu.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na koma. Gwaggo ta kori kowa daga ɗakin. Ta ce, "Ka san mi ya cinye gefen lambar nan? Ruwa. Baba ya huda ta ya ɗaura a bakin birginshi na kamun kifi, cikin dalmar da ke nutsar da shi, shekara talatin tana nutsa tana kama kifin rajiya. Sai da ya rasu na kwance ta."

Na ce don me?

Ta ce shi ya kafe jirgin. Bara waccan ya bi wannan hanyar, ya san ta, sai ya ajiye gora yana kiran zurfi da ka, don kyaftin ya ga gwaninta. Ashe yashi ya tashi ya koma wani wuri. Jirgin ya zauna daidai inda bindigar Jamus ke kaiwa. Akwai kwale-kwalen 'yan dako ɗaure a baya, ya kife. Bature bai gane ba, ya ɗauka halin kogi ne. Ya ƙirga waɗanda Kaka ya fitar ya rubuta. 'Yan dakon da suka tafi kuwa ba wanda ya rubuta su, ko sunansu ba a tambaya ba. Kaka ne kaɗai ya riƙe adadinsu har ya mutu. Ita ya gaya wa, ita kaɗai, tana gyara masa komar kamun kifi.

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Shekara hamsin ana auna ni da mutumin nan. Na ce to ai shi an ba shi lamba, ni fa? Ta ce, "Shi dai ya koma ruwa washegari, mutane na jiran fito. Kai ka zo kana wanke motar wasu."

Sai ta ce, "Kai mutum nawa ka fitar daga ruwa ranar?"

Na ce ban sani ba.

"Ƙarya kake, ɗan banza." Tana dariya, tari ya sarƙe ta.

In faɗi gaskiya, Baturen nan bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya rubuta. Kaka ya shiga ruwan, harsashi kuma ba wasa ba ne.

Laraba, 18 ga Satumba

Nuraddeen ya ce likita ya ce in za a kai ta, a kai ta makon nan. Zai ba da mota da direba. Ya ce, "Yaya Rabe, ko ba ka tuƙa ba, ka zauna kusa da ita cikin jirgin." Na ce ruwa ya yi yawa yanzu, a bari ya ɗan ja. Gaskiya ne ruwa ya yi yawa. Ba shi ne dalili ba.

Litinin, 23 ga Satumba

Gwaggo ta rasu bayan azahar. Allah Ya jiƙanta.

Mun rufe ta nan Kaduna kafin magariba. Ni na shiga kabarin na karɓe ta. Ba nauyi ko kaɗan. Ƙaramin kwale-kwale ma da ya ishe mu.

Wannan laifin nawa ne. Ba suruki, ba kututture.

Alhamis, 26 ga Satumba

Sadakar uku. Jamila ta miƙo mini ƙullin, ta ce Gwaggo ta ce in na ƙi a jefa mini cikin bokitin wanki. Na karɓa.

Asabar, 28 ga Satumba

Na biya ta tasha da safe, hanya ce ta bi da ni. Sun ce sai an sauka Kontagora a canja mota. Tambaya kawai na yi. Dole dai wani ya je ya yi wa mutanen Tunga bayani baki da baki, Nuraddeen kuma ba shi da hutu.

Na zauna bayan la'asar na yi lissafin da Gwaggo ta tambaya.

Bala mai gyaran inji. Sadiya ƙanwar amarya. Ummulkhairi da goyonta, biyu ke nan. Usman makaho mai bara a kasuwa, shi ya fi ba ni wahala, ya riƙe mini wuya. Wata Bafulatana mai nono, ban san sunanta ba. Malam Ubaidullah.

Bakwai.