Hoton Sa Mai Kunne Ɗaya

An tabbatar wa jikata Mardiya da aikinta! Takarda mai hatimi aka ba ta, har da yabo a ciki, kuma ni ɗin nan da ban iya rubuta sunana ba sai da na shekara hamsin da takwas, da hannuna a cikin nasarar ba tare da na sani ba. Af, ki gafarce ni Malama Zaituna, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya masu karatu? Ki taimake ni da shawara, don tuwon murnar nan tawa akwai tsakuwa a ciki, ga shi Asabar ɗin walima ta matso.

Ni tsohon mai awon hatsi ne a Dutsin-Ma. Ina da amini, Malam Hudu, manomi a Kutawa. Shekara arba'in da biyar muna tare. Da aka buɗe ajin yamma na manya, ni na ja shi, ya riƙa tahowa a kan babur muna zama benci ɗaya. Malaminmu, Malam Rabi'u, Allah ya jiƙansa, yakan ce rubutun da ba shi da kwanan wata maraya ne. Ko me za ka rubuta, sa rana, sa wuri, sa suna. Na riƙe wannan kamar karatun sallah. Da jikoki suka saya mini waya suka buɗe mini Fesbuk, ko hoton akuya na sa sai na rubuta ranar, da inda na gan ta, da mai ita.

Ƙungiyar manoman su Hudu ta shiga inshorar shanun huɗa. Ga yadda abin yake: kowa ya yi zubi, a ɗauki hoton sansa, a maƙala masa lambar roba a kunne, wadda mutanenmu ke ce wa ɗan kunne. In san ya mutu, sai a yanko kunnen da lambarsa a kai kamfani tare da hoton mushen, su biya ka ka sayi wani. A wannan kamfanin Mardiya ta samu aikin gwaji na wata shida, a sashen da ke bincikar masu neman diyya, ko gaskiya suka faɗa ko a'a.

Da farkon damina na ji sa ya mutu wa Hudu, na je jaje. Shanunsa biyu ne, duka jajaye, amma ɗaya yana da farin tabo a goshi, ƙahonsa na hagu ya ɗan sunkuya. Ɗan Goshi muke ce masa. Tare muka je kasuwa ranar da aka sayo shi yana ɗan maraƙi. Ban tambayi wanne ya mutu ba, shi ma bai faɗa ba. Ya ce Mai abu ya karɓi abinsa, muka yi addu'a, muka ci goro.

Bayan kwana goma sha biyu na je gayya a Barkiya, gonar ƙanen matata Inno. Ina isa sai ga Ɗan Goshi a gaban galma, an haɗa shi da wani baƙin sa, yana ja kamar ba gobe. Kunnensa ɗaya babu. Mai riƙe da shi ya ce wayar shinge ce ta yage shi. Daɗi ya kama ni, na ce ashe ɗayan ne ya tafi. Na ɗaga waya na ɗauka, na rubuta: “Laraba, 3 ga Yuli, Barkiya. Ɗan Goshi na Malam Hudu Kutawa yana huɗa. Kunne ɗaya, ƙarfin shanu biyu. Allah ya sa albarka.” Mutum goma sha ɗaya suka yaba.

To, ashe a takardar kamfani Ɗan Goshi ya kwana goma sha biyu da mutuwa.

Sauran labarin daga bakin shugaban ƙungiyarsu na ji shi, ba daga Mardiya ba. Ita ko na lallaɓa ta sai ta ce, “Ango, ci goronka, maganar ofis a ofis take kwana.” Wai da takardun suka zo teburinta, ta lura a hoton mushen an kifa fuskar san a ƙasa, ba a ganin goshi. Sai ta yi abin da aka koya musu: ta rubuta sunan mai neman diyya a Fesbuk ta ga abin da zai fito. Abu na farko da ya fito rubutun kakanta ne! Nan take ta je wajen shugabanta ta ce wannan mutumin aminin kakana ne, a kafaɗarsa na yi wayo, a ba wani ya ƙarasa. Aka tura abokin aikinta, Abdulƙadir. Safiya biyu ya yi a gindin wata tsamiya kusa da mashayar shanu a Barkiya, yana shan fura kamar matafiyi, har aka koro Ɗan Goshi. Ya ɗauki hoton goshin, ya ɗauki na ƙahon, aka gwada da hoton ranar rajista, ba bambanci. Ya zo har gidana da takarda, ya ce bincike ne na kamfani, in tabbatar ni na ɗauki hoton a ranar da na rubuta. Na zaci mai wayar da ta yage kunnen ake nema. Na sa hannu da biro, Malama, ba dangwale ba.

A gaban ƙungiya Hudu bai yi musu ba. Ya ce Ɗan Goshi kaɗai ya iya sa wa inshora, sai cutar harbin daji ta kashe ɗayan a tsakiyar aiki. Galma kuwa ba ta tafiya da sa ɗaya. Shi ne ya yanke kunnen mai rai da hannunsa, ya ɗauki hoton mataccen, ya tura Ɗan Goshi Barkiya wajen surukinsa. Ba a biya shi ba, an dakatar da shi daga tsarin, amma da yake ya amsa laifinsa ba a kai maganar ga hukuma ba.

Ita kuwa Mardiya, a takardar yabonta an ce ta nuna basira da riƙon amana. Na sa an karanta mini, sannan na karanta da kaina sau huɗu. Ɗiyar ɗana ce, mahaifinta ya rasu tana goye, a ɗakin Inno ta tashi. Ki ce kar in yi murna?

Ga tsakuwar. Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙa wa Hudu hannu, ya ba ni kan yatsu ya ce, “Malam marubuci, yau kuma wa za a rubuta?” Ya hau baburinsa. 'Ya'yansa suna yawo da cewa gidanmu gidan leƙen asiri ne, kaka ya ɗauki hoto jika ta kai rahoto. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, na ba da labarin a majalisarmu ta bakin kasuwa sau biyu, ko dai uku, aka yi ta dariya. Yanzu in an ga wani ya taɓa kunne sai a ce a kira Hudu. Ba ni na ƙago wannan ba, amma ban hana ba.

Na sa an wanke hoton babba, na sa shi a gilashi, na rataye a zaure kusa da kwafin takardar yabon. Inno ta ce, “Alhaji, mutuncin mutum ka rataye a bango.” Na ce gaskiya na rataye. Kwana biyu ke nan tana ajiye mini abinci ba ta zama.

Ni na tabbata ban yi laifi ba. Ban yi ƙarya ba, ban kai ƙara ba, albarka ma na sa wa san. Amma ajinmu mu ashirin da biyu ne, yau daga ni sai Hudu muka rage. In ya tafi da fushi, wa zan tuna wa ranar da ya rubuta sunansa a juye muka yi dariya har Malam Rabi'u ya fitar da mu waje? Shin in aika masa goron gayyata, ko zai ɗauka izgili ne? Aikin nan na Mardiya, na bin sawun mutane a waya da zama a mashaya, halal ne, ko kuwa shi ne leƙen asirin da aka hana? Hoton kuma ya zauna ko ya sauka?

Ko me kika ce, walima tana nan ranar Asabar bayan La'asar. An yi cefane, za a yi waina da miyar taushe. Gidan mai koren ƙyaure ne, da durumi a ƙofa, duk mai babur ya san shi. Ke da masu karatunki duka ku zo ku ga takardar da idonku, ku ga yarinyar da ta samo ta!

Tsohon Ɗalibi, Dutsin-Ma

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Barka, barka! Allah ya sanya alheri. Marainiyar da ta tashi a ɗakin kakarta ta kai inda ake rubuta mata “riƙon amana” a takarda, wannan abin a yi waina ne. Kar ka fasa. Na canza sunaye da kwatancen gida kafin a buga, dalili zai fito a ƙasa.

Aikin Mardiya ka kwantar da hankalinka a kansa. Leƙen asiri shi ne ka bi abin da mutum ya rufe a gidansa, wanda bai shafi haƙƙin kowa ba. Wanda ya kai takarda ya ce a biya shi daga zubin jama'a, shi da kansa ya buɗe ƙofar tambaya. Rubutun da ta gani a fili yake ga kowa, mashaya kuma ba ɗakin kowa ba ce. Da an biya Malam Hudu, maƙwabtansa ne za su ɗauki nauyin, wataƙila ma kamfani ya janye daga ƙungiyar baki ɗaya, mai gaskiya ya rasa madafa ranar da nasa san ya faɗi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta janye hannunta da ta ga sanayya a ciki. In kana neman hukuncin malamai dalla-dalla, liman yana kusa da kai, amma ni ban ga abin kunya a nan ba.

Kai ma ranar gayya ba ka yi laifi ba. Sai dai lissafin bai tsaya a Barkiya ba. Hoton da ka ɗauka ba ka sani ba. Labarin da ka bayar sau uku a majalisa kana sane. Ƙungiya ta hukunta shi ta rufe maganar, kamfani ma ya bar shi da kunyarsa, kai kuma kana ƙara masa wani hukuncin kullum da dariya. Abin da ya yi zamba ce, har da cutar da dabba, ba zan yi masa kwalliya ba. Amma dattijo ne da sansa ya mutu ana tsakiyar huɗa, ya ruɗe, aka tambaye shi ya amsa. Irin wannan sutura yake buƙata daga amininsa.

Saboda haka Hajiya Inno ta fi ka gaskiya. Sauke hoton yau, ka goge shi a Fesbuk bayan ka tambayi Mardiya ko kamfani ya gama da shi. Ka sani kuma ita ma hoton zai iya cutar da ita: ma'aikaciyar bincike da ake baje shari'ar da ta taɓa a zauren kakanta, gobe shugabanta zai yi tunani kafin ya sake ba ta amana. Takardar yabo ta isa bango.

Goron gayyata kuwa kar ka aika. Ka ɗauka da kanka ka je Kutawa kafin Asabar, da hantsi, kai kaɗai. Kar ka ba da haƙuri kan gaskiyar da ta fito, don ba ka da ikon mayar da ita, kuma zai gane ba har zuci ba ne. Ka ba da haƙuri kan majalisa. Ka faɗa masa yadda ka sa hannu ba ka san kansa ake bincike ba, da yadda Mardiya ta ƙi riƙe maganarsa. Sannan ka yi tambayar da ya kamata a yi tun ranar jaje: yaya zai yi da galma baɗi? Kai mutumin kasuwa ne, ka san wanda zai iya haɗa masa sa aro ko kiwo. In an sake taɓa kunne a majalisa, kai za ka fara cewa a bari.

Zai yiwu ya karɓi goron ya ƙi zuwa. Kar ka ƙirga masa. Shiga taron da kowa ya san labarinka ba ƙaramin abu ba ne. Ka aika masa da kwanon waina, Juma'a mai zuwa ka sake miƙa hannu, ta gaba ma haka. Wanda ya tsaya ya yi maka gatse bai gama da kai ba. Da ya gama, wucewa zai yi.

Allah ya yi wa Mardiya jagora a aikinta, ya tsare ta daga son rai da tsoron mutane. Ya mayar wa Malam Hudu da abin da ya rasa ta hanyar halal, ya sanyaya zukatanku ku biyu. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata ta dawo ta zauna ku ci abinci tare.

Malama Zaituna