Takardun Jarrabawar Malam Muhammad Nur

Zuwa ga Yayana Abdulmuminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Ummakulsum da yara. Allah ya sa karatun da ya kai ku Malesiya ya ƙare lafiya, ya dawo mana da ku. Mu nan Fagge sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ranar Asabar ta taka da kanta zuwa Kantin Kwari, ta dawo tana faɗan tsadar atamfa. Ikhlas kuma ta kai izu goma.

Ka san wata biyar ke nan da aka naɗa abokinka, maigidana Abban Ikhlas, shugaban kwalejinsu ta nazarin addinin Musulunci. Murnarmu ba ta yi sati biyu ba sai ga koke, ɗalibai sittin da wani abu sun sa hannu. Sakamakon jarrabawar nahawu na zango biyu bai fito ba, wasu har sun kasa karɓar shaidar kammalawa. Magana ta fita gari, iyaye suka fara cewa makarantar ta lalace, ga masu tantance kwasa-kwasai suna tafe. Malamin da ake ƙara kuwa Malam Muhammad Nur ne, wanda ya karantar da ku biyun a zaurensa tun kuna yara.

Majalisar kwalejin ta ce a ba shi takardar tuhuma, wasu ma suka ce a sallame shi. Kwana uku ina kai wa Abban Ikhlas abinci yana dawowa kusan yadda na kai. Ya ce mini in ya rufe maganar ya ci amanar ɗalibai, in kuma ya sa hannu, to da hannun da Malam ya koya wa riƙe alƙalami zai sa. Na tuna masa cewa babba juji ne. Ya roƙi majalisa sati ɗaya, ya je ya zauna a bayan ajin Malam sau biyu. Ya ce karatun Malam yana nan daram, sai dai bai taɓa allo ba, kuma wata ɗaliba ta daɗe da hannu a sama bai kula ta ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya sami Malam a gida, ya zauna a tabarma kamar da, ya buɗe littafi ya roƙe shi ya warware masa wani layi. Malam ya karɓa, ya riƙe, ya karanto babi guda tiryan-tiryan da ka, alhali shafin da aka buɗe wani babi ne daban. Can Malam ya rufe littafin, ya ce ranar wanka ba a ɓoye cibi: yanar ido ce ta rufe masa gani fiye da shekara, takardun jarrabawar suna cikin akwati a ɗakinsa, kunya ce ta hana shi faɗa, don kada a ce ya ƙare.

Washegari suka tafi Sabon Gari wurin Dakta Ujunwa, likitar idon nan da ta yi wa Inna tabarau. Ta yi wa Malam faɗa sosai kan jinkiri, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar ɗan aji ɗaya. Aka yi aiki. Ranar da aka cire bandeji, ya daɗe yana kallon Abban Ikhlas, sannan ya tambaye shi yaushe furfura ta cika masa gemu haka.

Duk da haka Abban Ikhlas bai ɓoye masa gaskiya ba. Ya ce an cutar da yara, dole a rubuta takardar gargaɗi. Malam ya ce da bai rubuta ba, da ya san karatun zaure bai shige shi ba. Aka rubuta da Larabci aka aika masa. Yaya, kwana biyu sai ga ta ta dawo da sa hannunsa, da gyara biyu da jan biro. Na yi dariya har Inna ta leƙo.

Cikin sati uku Malam ya gama duba takardun, malamai biyu suna taya shi. Ranar da aka liƙa sakamako ya nemi a tara ɗalibai. Dattijo mai shekara kusan saba'in ya tsaya gabansu, ya faɗi abin da ya ɓoye, ya nemi gafararsu. Wanda ya jagoranci koken ne ya fara tashi ya riƙe masa takalmi. Yanzu doka ta hau kan kowa, har shugaban, cewa sakamako ba zai wuce wata guda ba. Masu tantancewa sun zo sun tafi da yabo, iyayen da suka fara janye 'ya'yansu kuma suna dawowa. Sabon koken ɗalibai shi ne Malam yana hango mai latti tun daga bakin ƙofa.

Malam ya tambaye ka sau biyu. Don Allah ka rubuto masa da hannunka, ya ce saƙon waya ba wasiƙa ba ne, kuma yana so ya karanta da kansa.

Inna tana sa maka albarka. Abban Ikhlas da Ikhlas suna gaishe ku. Ka gaida Yaya Ummakulsum, ka shafa mini kan yaran. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Nana Fatima