Murjaninka da gishirin Yaya Idi

Zuwa gare ka, mai sunan Baba,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da na dame ka kana bakin aikinka a tashar jiragen ruwan Lome. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na rubuta nan inda kowa ke gani, ko wani ya isar maka.

Akwatin gilashin da ka bari a ɗakina ya fashe. Kawunka, Yaya Idi, ya fasa shi.

Ka tuna ranar da ka cika shi da ruwan gishirin teku, ka sa ƴan kifaye da dutse da wani abu mai laushi manne a kai, kamar fatar da majemi ya jiƙa, ka ce sunansa murjani. Ni murjanin da na sani na wuyan amare ne, sai wanda muka karanta a allo. Ka ce: "Inna, wannan mai rai ne, kuma yana da taurin rai." Na riƙe amana. In rana ta yi zafi nakan ƙulla ƙanƙara a leda in sa a ruwan, yadda ka nuna mani.

Yaya Idi ya sauko daga Tagriss. Rijiyoyi sun ƙafe, shanunsa sun zube a hanya, waɗansu shi ya yanka su da hannunsa don kada su zama mushe. Ya shigo gaishe ni da busasshen jini a hannun riga, idonsa ya faɗa kan ƙanƙarar. Abin da ya ce ke nan: "Shanuna na lasar ƙasa, ke kina shayar da dutse ruwan sanyi."

Sanda ɗaya ya kai. Gilashi ya tarwatse, ruwa ya kwashe tabarma, ƴan kifayen nan suna tsalle a ƙasa ya bi su da takalmi. Ya zaro wuƙa ya datse murjanin daga dutsen, ya yayyanka shi, ya watsa tsakar gida, kaji suka yo kansa. Na durƙusa cikin fasassun gilashi ina tsincewa. Sandar ta sauka a kafaɗata, ban ce da gangan ba. An ɗinke mani tafin hannu a gidan likita.

Ban kai ƙara ba. Na iske shi a zaure yana kuka kamar yaro.

Guntayen suna cikin tasa, da ragowar ruwan gishirin da ka haɗa ka bari a bidon roba. Sun yamutse, suna yauƙi, suna wari. Ɗaya ya yi baƙi, na yi bisimilla na yanke ruɓar da reza. Jiya biyu suka fito da waɗansu ƴan gashi sirara, suna motsi. Ka yi gaskiya, ɗana.

Amma ruwan ya kusa ƙarewa, buhun gishirin tekun da ka bar mani kuwa ya narke ranar da aka fasa akwatin. Ɗazu Yaya Idi ya ajiye kantun gishiri a ƙofar ɗakina, na lasar shanunsa, tunda babu mai lasa. Ya juya ya tafi. Ka san shi, haƙurin da ya iya bayarwa ke nan. In na jiƙa kantun na zuba ya kashe murjanin, ni na ci amanarka. In na maida masa, na maida wa ɗan'uwana haƙurinsa.

Allah ya tsare mani kai, ya maida wa kawunka abin da ya rasa, ya sanyaya zukatanmu.

Ka ba ni amsa da wuri, Babana. In zuba, ko kada in zuba?

Innarka,
Dakoro.