Fuskata Ce A Jikin Kwalbar, Amma Zumar Ba Tamu Ba Ce

Mama Malemba, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Kwana tara ya rage mini, kuma babu wanda zan faɗa wa wannan magana a ƙauyenmu ba ta riga ni isa gida ba.

Ni manomiya ce a wani ƙauye tsakanin Voi da gandun dajin Tsavo. Ba sai na gaya miki abin da giwaye suke yi mana ba. Shekara biyar da suka wuce muka kafa ƙungiya, mu mata talatin da biyu, aka kewaye wa kowacce gonarta da amyoyin katako goma sha biyu, a rataye jikin waya ɗaya. Giwa na taɓa wayar, sai amyoyin su girgiza, ƙudan zuma su fito, ita kuwa ba abin da ta tsana kamar su shiga mata hanci. Tun daga lokacin na fara cin masarata da kaina. Mazanmu ma suka rataye bakunansu, aka daina maganar kibiya mai dafi.

Zumar da muke samu wata mata ce mai kanti a Nairobi take saye, sunanta Nyokabi. Ita ta buga takardar da muke liƙawa a kwalba, mai cewa wannan zuma daga shingen da ke kare gonaki da giwaye ta fito. Hoton da ke jikin takardar nawa ne. Ba don na fi kowa aiki ba, wai wushiryata ce ta burge mai ɗaukar hoton. Har yau matan ƙungiya Madam Kwalba suke kirana, ina dariya amma yana yi mini daɗi.

To, damina biyu ke nan ruwa bai yi abin kirki ba. Itatuwa ba su yi fure ba, ƙudan zuma suka yi ta ƙaura. Amma Mama, kwalaben da muke aikawa Nairobi ko ɗaya ba su ragu ba. Ni nake liƙa takarda, hannuna ya sani. Daga ina zumar take fitowa?

Wanda nake zargi wan mijina ne, Mwakio. Shi kaɗai ne namiji a cikinmu, mun sa shi ne don yana da babur, yana da rigar ɗiban zuma, kuma a gidansa ɗakin tacewa yake. Da can in za a tace zuma mu huɗu yake kira, muna aiki muna lasar yatsa. Yanzu ya sa wa ɗakin sabon kwaɗo, shi kaɗai yake shiga, sai dai ya miƙo mana kwalabe a cike. Sau biyu ina hanyar ɗebo ruwa na gan shi ya ɓullo ta hanyar arewa da jarkoki huɗu a bayan babur, alhali ba mu da gona ko ɗaya a wannan ɓangaren. Zumarmu fara ce, garai-garai. Wannan kuwa baƙa ce, mai kauri, tana warin hayaƙi, har ɓawon itace na taɓa tsinta a ciki. Ga tabon ƙuna a bayan hannunsa. Da na tambayi matarsa Kulola, sai ta kama gyaran ɗankwali tana cewa, “Ke dai kin cika bin diddigi, zuma ai zuma ce.”

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, makiyaya sun ce sun ga kukoki biyu a ƙone cikin gandun daji, irin ƙunar da masu satar zuma suke yi. Kowa ya san su ne dai masu ɗana wa namun daji tarkon waya. Kuma a watan jiya aka wayi gari an yanke waya mai tsawo daga shingen maƙwabciyata Mkamburi. Idan daga hannun waɗannan mutane Mwakio yake saye, ashe ni ce nake washe haƙora a kan kayan masu kashe dabbobin da muka ce muna karewa.

Na gaya wa mijina Mghanga. Ko ɗago kai bai yi daga kwanon tuwonsa ba, ya ce, “Yayana kike kira ɓarawo? Ki liƙa takardarki ki ja bakinki, ba a ɗauke ki aikin ɗan sanda ba.”

Akwai abin da ban so faɗa ba, amma tunda ba ki san fuskata ba, sai dai in kina sayen zuma, bari in faɗa. Muna da doka a ƙungiya: amyar da ta yi ɗiba biyu babu ƙuda a ciki, za a cire ta a kai wa wata, don akwai mata da yawa da ke jiran layi. Duk Asabar ɗin farkon wata muna zama ƙarƙashin mangwaron coci, kowacce ta miƙe ta faɗi amyoyinta nawa ne ke da ƙuda. Ni goma nake cewa. Gaskiyar magana uku ne. Sauran tara ƙadangaru ne da gizo-gizo a ciki. In baƙi suka zo, wajen ukun nan nake kai su, in tsaya ta inda ba za su zagaya ba. Ina tsoron a kwashe mini shinge in koma kwana a gona da gwangwani a hannu. Mkamburi sha ɗaya take cewa, ni kuwa ina wucewa ta gonarta kullum, ko ƙugi ba na ji. Ban yarda da lissafin kowa ba a wurin nan.

Ɗiban da ya wuce, Mwakio ya zo gonata, ya buɗe amyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar ya rufe. Bai ce komai ba sai, “Allah ya kawo ruwa, ƙanwata.” Ranar taro na ce goma, yana zaune, ko tari bai yi ba. Tun daga ranar nake ganin ajiye ni ya yi, don duk ranar da na buɗe baki a kansa ya tona ni.

Shekaranjiya da safe na tarar da sawun wani toron giwa mai karyayyen haure, wanda muke kira Ciyaman. Ya bi shingen tun daga kusurwa, ya wuce amyoyin nan uku ta nesa, ya zo daidai inda babu komai ya tsaya. Ya ture dirka ɗaya har ta karkace, sannan ya juya. Masarata ta fara fitar da gemu. Mghanga ma ya ga sawun, da yamma kuwa na same shi ya sauko da bakan mahaifinsa daga rufin ɗaki yana shafa masa mai.

Nyokabi za ta zo nan da kwana tara da masu ɗaukar hoto, tana so in tsaya gaban shinge in yi bayani da bakina. In ja ta gefe in gaya mata abin da nake zargi? In na faɗa, ƙila ta daina saye, mata talatin da ɗaya su tsine mini, gidan mijina ya zame mini wuta. In na yi shiru, ban san yadda zan kalli na'urar ɗaukar hoton in yi murmushi ba. Ko kuwa ni ce mai mugun zato? Ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Taki,
Mai Wushirya, daga yankin Voi

*

'Yata Mai Wushirya,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na kuma je na duba kwalbar da ke kan teburina. Ba taki ba ce, kwantar da hankalinki.

Ba mugun zato gare ki ba. Macen da hannunta ya san nauyin kwalba, hancinta ya san warin zumarta, in ta ce wani abu ya canja, to ya canja. Zumar nan ba daga shingenku take ba, wannan kam na yarda. Amma daga nan zuwa cewa Mwakio yana hulɗa da masu ƙona kuka akwai tafiya, kuma ba ki yi ta ba tukuna. Hanyar arewa ba gandun daji kaɗai take zuwa ba. Tana zuwa ƙasar Kamba, inda dattawa suke rataye amyar gungume a kan itatuwansu tun kakanni, da hayaƙi suke ɗiba, zumarsu baƙa ce, kuma halal ɗinsu ce. Tabon hannu kuwa, nuna mini mai babur ɗin da salansa ba ta taɓa ƙona shi ba. Ban wanke shi ba. Kwaɗon nan bai yi mini ba, batun wayar da aka yanke kuma ba abin wasa ba ne. Cewa nake yi ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Kuma ko daga hannun limamin coci ya sayo ta, takardar da ke jikin kwalbar ƙarya take yi.

Yanzu ki zauna, don ga inda za ki ji haushina. Wa ya fara ba wa Nyokabi labarin da ba haka yake ba? Kin miƙe ƙarƙashin mangwaro kin ce goma. Mkamburi ta ce sha ɗaya. Da wannan magana taku aka yi wa matar nan alkawarin kwalabe. Sai mutumin nan ya sa rigarsa ya zagaya gonaki talatin da biyu, ya yi ta buɗe akwatunan ƙadangaru. Ke kin ɗauka shirunsa tarko ne. Mai yiwuwa ne. Amma ki gwada juya shi: in ya faɗi abin da ya gani, dokarku za ta kwashe shingen matar ƙaninsa da na rabin ƙauye. Ƙila ya zaɓi ya hau babur ya nemo zumar da zai rufa muku asiri ne, ya kulle ɗaki don kada ku ga abin da kuka sa shi yi. Bai kyauta ba in haka ne, amma ba shi kaɗai ya yi ba.

Saboda haka kada ki ja Nyokabi gefe. Ba a kai ƙarar mutum da warin hayaƙi, kuma ranar da ta tambayi Mwakio, amsa ɗaya zai bayar ta gama da ke. Na duba kalanda, Asabar ɗin taronku za ta riga zuwan Nyokabi. Ranar ki riga kowa miƙewa ki ce uku. Ki faɗe shi da ƙarfi, ki zauna. Za a yi tsit, wata ma za ta yi tsaki, amma ina tabbatar miki akwai matan da suka gaji da ɗaukar wannan kaya kamar yadda kika gaji. Daga nan ki nemi a jingine dokar cire amya har ruwa ya dawo, don ita ce ta mayar da ku maƙaryata. Sai bayan kin sauke naki za ki juya ga Mwakio, a gaban kowa, cikin ladabi, ki ce yaya, ka gaya mana inda kake samo zumar, kuma a koma tacewa mutum huɗu kamar da. In ta dattawan Kamba ce, ya kai biyu daga cikinku su gani da idonsu. In ya kasa nuna wurin, kun sami amsa, sai ƙungiya ta karɓi makulli, batun waya kuma a kai wa ma'aikatan gandun daji.

A ranar ku buga wa Nyokabi waya da sunan ƙungiya, kafin ta taso. Ku gaya mata fari ya kore ƙuda, zumar shinge kaɗan ce bana, ga kuma abin da ya faru. Ku ba ta zaɓi: kwalabe kaɗan masu hotonki, sauran kuma da wata takarda mai faɗin inda suka fito. Ba zan ɓoye miki ba, tana iya fushi, tana iya rage saye. Amma 'yar kasuwa ta fi tsoron ta ji wannan labari daga bakin wani baƙo bayan ta baza hotunanki a duniya.

Gonar kuma ba za ta jira Asabar ba. Yau ki kai wa ma'aikatan gandun daji rahoton sawun nan, ki gyara dirkar. Ki nemi wanda ya iya ya mayar da amyoyin nan uku ɓangaren da Ciyaman ya gwada. Ki share sauran, ki shafe cikinsu da kakin zuma, ki gyara musu inuwa, ki ajiye kasko da ruwa da tsakuwa a ciki, ko da daga na wankinki za ki rage. Bakan nan kuma ki roƙi Mghanga ya kai wa mahaifiyarsa ajiya. Ki gaya masa masara ana sake shuka ta, amma in ya harbi toron nan, shekarun da zai yi a kurkuku ke kaɗai za ki yi noman.

Kina ta fargabar kada Nyokabi ta gane, kada matan ƙungiya su gane. 'Yata, wanda kuka kafa shingen dominsa ya riga ya gane. Ciyaman ya bi layin nan da hancinsa, ya ƙirga uku, ya tafi yin shawara. Shi ba ya zuwa taron Asabar, kuma zai dawo kafin masararki ta bushe.

Allah ya ba ki ƙarfin halin miƙewa, ya kawo muku ruwa da fure, ya mayar muku da ƙudanku gida.

Mama Malemba