Babin da Mamuda Bai Rubuta Ba

Lolo, watan Yuni.

Zuwa ga aminina Bilyamin,

Sallama irin ta Musulunci, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da su Baba da mutanen Kamba baki ɗaya. Mu nan kalau muke, sai ruwa da ya fara taɓa bakin fadama.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Ka san halin garinmu, wayata layin Benin take kamawa, kuma kwanan nan hasken fuskarta na sa mini ciwon kai. Direban da ke zuwa kasuwar Dole Kaina ya yi alkawarin kai maka.

Yajin aikin malaman nan ya daɗe har na daina tambaya. Da safe ina gonar shinkafa tare da yayana, da yamma in zauna da kundina na tarihin jami'armu. Babi uku sun kammala, saura na ƙarshe. Na sake sauraren hirar da na ɗauka da Malam Manu, tsohon nan da ya yi ritaya daga ɗakin karatu. Ya ce shekarar da aka buɗe jami'ar, aron ginin tsohuwar makarantar horon malamai aka yi, ajujuwa ba su isa ba, sai aka riƙa jingina allo a jikin tsamiyar da ke bayan sashenmu. In iska ta taso, ɗalibai biyu ke riƙe allon malami na rubutu. Shi ya sa har yau ake kai sababbin ɗalibai gindinta ranar rantsuwa, mu kuwa muka ɗauka wasa ne kawai na 'yan aji huɗu.

Ina kewar ɗakinmu duk da zafinsa, da ƙosan Kubura na bakin ƙofar makaranta, da gardamar ƙwallo da kuke hana ni barci da ita.

Wani abu ke ɗan damuna. Sau da yawa ina cin karo da abin da ke gefena, jiya har na yi tuntuɓe da turmin Inna da rana tsaka. Ta ce karatu ne ya yi mini yawa. Wataƙila hakan ne.

Ka gai da kowa. Naka,
Mamuda Sule Lolo.

*

Lolo, watan Oktoba.

Aminina Bilyamin,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka, na ji an janye yajin aiki, na kuma ji ka riga ka koma. Allah Ya sa a gama lafiya. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, yanzu haka nake iya ganin abin da na rubuta.

Abin ba na karatu ba ne. Baba ya ɗauke ni muka ƙetare iyaka, muka bi ta Malanbil har wani asibitin ido da ke gaba da Kandi, wanda mutanenmu suka saba zuwa. Likitar Faransanci take yi, wani ma'aikaci na fassara wa Baba da Dandanci, ni kuma ina tsintar abin da zan iya. Hawan jinin ido ne. Ta ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ana iya riƙe abin da ya rage da maganin ɗigawa, amma abin da ya mutu ba ya dawowa. Ta tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce ban sani ba. Ta ce haka ciwon yake, ba ya sallama.

A hanyar dawowa, ni da Baba muka shiga jirgin ruwa. Nan ya ce, "To, da na daman za ka ƙarasa." Ka san shi, tun da na samu gurbin karatu yake gaya wa masunta 'yan'uwansa cewa gidanmu ma za a rataye hoton mai rigar digiri.

Lissafin da ke hana ni sukuni shi ne, da ba a rufe makaranta ba, da tun watan Yuli na rubuta jarrabawar ƙarshe da idona. Na san ba kyau mutum ya riƙa cewa da, amma zuciya ba ta jin wa'azi.

Ka taimaka ka je wurin Dakta Lami, mai duba kundina, ka faɗa mata halin da ake ciki. Kada ka bari a ba wani gadona. Ina nan tafe da zarar an girbe shinkafa.

Naka har kullum,
Mamuda.

*

Lolo, watan Fabrairu.

Bilyamin, ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, ina fatan ka huta gajiyar jarrabawa. Na iso gida lafiya. Na san ka neme ni ranar nan ba ka gan ni ba, kuma ka cancanci ka ji yadda aka yi.

Makonnin da na yi a makaranta, kai ka riƙe ni. Kai ke karanta mini darasi, kai ke riƙe hannun rigata a kan matakala yadda mutane za su ɗauka hira muke. Allah kaɗai zai biya ka.

Ranar jarrabawar farko, Dakta Lami ta cika alkawari, an buga mini tambayoyi da manyan baƙaƙe, aka zaunar da ni kusa da taga. Na kai takardar har hancina. Kalma ɗaya nake gani a lokaci guda, kamar mai leƙe ta kafar kara, kafin in kai ƙarshen layi na rasa farkonsa. Amsoshin suna kaina, Bilyamin. Tambayoyin ne na kasa haɗawa. Mai sa ido ya zo ya ce a hankali, "Malam, a kan bugun kake rubutu." Ashe na bar takardar amsa, ina ta zuba rubutu a kan ta tambayoyi. Na ajiye biro na zauna har aka tashi.

An ce in nemi a ba ni wanda zai karanta mini ya kuma rubuta, amma sai majalisar jami'a ta zauna, kuma ba za ta zauna ba kafin a gama jarrabawa. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Kowa ya tausaya, kowa ya ce sai baɗi.

Na dage har ranarku ta ƙarshe don in taya ku murna. Ina tsaye nesa da tsamiya ina jin ihu, kuna sanye da fararen riguna ana rubuta wa juna ban kwana a jiki, kamar yadda muka ga na gabanmu sun yi muna ta ɗoki. Wata 'yar ajinmu ta miƙo mini alƙalami in sa mata hannu a kafaɗa. Na laluba, na zana mata a wuya. Ta yi dariya, ba da mugunta ba. Daga nan na nemi mai babur ya kai ni tasha.

Ka ajiye mini akwatina wurinka. Ka yafe mini tafiya ba sallama.

Naka,
Mamuda.

*

Lolo, watan Nuwamba.

Aminina Bilyamin,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya hidimar ƙasa, ya baƙunta? Rubutun da kake gani na yayata Sakinatu ne, wadda ke koyarwa a firamare ta Lafagu. Ta zo hutun mako, ina faɗa tana rubutawa, ta kuma yi alkawarin ba za ta gyara mini magana ba.

Idon daman ma ya bi ɗan'uwansa tun cikin damina. Ina bambance rana da inuwa, shi ke nan. Mun koma Benin, likitar ta riƙe hannuna ta yi magana mai tsawo, mai fassara ya taƙaita da cewa sai haƙuri.

Saƙonka ya iso cewa za a yi bikin yaye ku a watan gobe, kana so ka zo ka ɗauke ni. Na gode, amma ba zan je ba. Ba hassada ba ce, Allah Ya sani. Ba zan iya zama a rumfar baƙi ina jin ana kiran sunayen ajinmu bi da bi, a zo inda nawa yake a wuce ba.

Dakta Lami ta aiko cewa an amince a ba ni mai rubutu, kuma akwai wurin koyon karatun makafi a birni. Sakinatu ta ce in gwada. Wataƙila wata rana. Yanzu ko ban-ɗaki sai na bi igiyar da Inna ta ɗaura mini daga ƙofar ɗaki.

Roƙona ɗaya ne. Na ji Malam Manu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Muryarsa na cikin wayata, kuma ban san wani da ya ɗauki abin da ya faɗa ba. Na ba direba wayar tare da wannan takarda. Ka kai wa Dakta, ta ba wani ɗalibi mai ido ya rubuta babin ƙarshen. Ba sai an sa sunana ba.

Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida, Baba ya dawo daga kogi da komarsa ta kamun kifi a yage. Ya daɗe tsaye kusa da ni. Sannan ya ɗora mini ita a cinya, ya sa zare a hannuna, ya kama yatsuna ya nuna mini ƙulli ɗaya. Tun ina yaro bai taɓa bari na taɓa kayan su ba, cewa yake hannun biro ne. Na ji yadda numfashinsa ke fita, kuma da ya tashi ba cikin gida ya shiga ba, bakin ruwa ya koma.

Kafin la'asar na gama ɗinke ta. Maƙwabcinmu ya duba ya ce ko tsohon masunci sai haka, ya ce gobe zai kawo tasa. Hannuna sun iya, Bilyamin, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Allah Ya sanya albarka a takardar digirinka. Su Inna na gaishe ka, Sakinatu ma haka. Ka sa ni a addu'a.

Amininka,
Mamuda Sule Lolo.