Tiyatar da Na Turo Muku

Yaya Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da Inna da yara. Ya aikin masara? Ni lafiya nake a Alƙahira, karatu ana lallaɓawa.

Yaya, da nauyin baki nake rubuto wannan. Na ji Baba ya ƙi zuwa asibiti a Funtua a cire masa yanar ido, wai sai ɗansa likita ya dawo, tunda kun nuna masa bidiyona ina tiyata.

Wallahi wasan kwamfuta ne. Wasu 'yan sanduna ake riƙewa, in ka motsa hannu sai wuƙa ta motsa a allo. Ban taɓa duba majinyaci ba, jarrabawar bara ma maimaitawa nake. Da Baba ya kira ni Dakta a waya, na kasa cewa a'a.

Don Allah ki kai shi satin nan. In ya ƙi, ki faɗa masa gaskiya: sau shida majinyacin ya mutu a hannuna ina sake farawa, na bakwai na turo muku. Idon Baba kuwa biyu ne kacal.

Ku yafe mini.

Ƙaninki,
Murtala