Ɗansa Ya Ci Sunan Farfesa, Ƙarfe Ya Ci Nawa

Malam Maharazu, don Allah ka taimake ni, abin nan ya dame ni. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Illela. Sakandare kawai na gama, amma yau motocina har Ƙonni ta Nijar suke shiga, kuma ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Ƙanena Muhyiddeen ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu, ni na kai shi jami'a. Yanzu shina digiri na biyu kan mutum-mutumi. A ɗakin bincikensu ya haɗa wani hannun ƙarfe mai kyamara da ke tsince ruɓaɓɓiyar albasa.

Tun shigarsa wurin nan ba shi da zance sai malaminsa. Farfesa ya ce, Farfesa ya gyara. Watan jiya matarsa ta haifi namiji. Ni na sayi ragon suna, na zauna a zaure ina jiran a raɗa sunana, sai na ji Ibrahim Khalil, sunan Farfesan. Ni kuwa mi na samu? Ƙarfen nan ya sa wa sunana, har ya rubuta a jikinsa! Yaran kasuwa sun gani a waya, in na wuce sai su tambaye ni ko takwarana ya sha caji.

Yanzu shina roƙon gwada na'urar a rumbuna kafin albasar bana ta ƙare, in ba haka ba sai ya ƙara shekara a jami'a. Farfesan ma zai zo. Ban amsa ba. Raina na cewa ya tafi rumbun Farfesa.

Mai ɓacin rai, Illela.

AMSA

Alhaji, kana da gaskiya ta wani gefen. Wanda ya riƙe ƙane kamar ɗa ya cancanci a shawarce shi kafin suna, kuma ba a rubuta sunan babba a jikin ƙarfe bai sani ba. Muhyiddeen ya yi wauta.

Amma sauran kishi ne. Masu bincike ba sa sa wa aikinsu sunan wanda suka rena; a wurinsa girmamawa ce. Shi kuwa Farfesa ilimi ya ba shi, bai ƙwace maka matsayin wa ba.

Ka kira ƙanenka ku biyu, ka faɗa masa inda ya ɓata maka. In ba ka son sunan, ya goge. Rumbu kuwa ka buɗe masa. In ya rasa shekarar nan ta dalilinka, shi da kai ba mai mantawa. Ranar gwaji ka sa babbar riga, ka tarbi Farfesan da kanka. Kai ne mai masauki.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya raya jinjirin, ya bar zumunci.